Kukan Kunne da Damuwar da Yake Jawowa: Yadda Za a Bi da Shi

Yayana ya daɗe yana riƙe da injin niƙa a wata unguwa ta nan Tawa, kuma mun fi shekara muna ganin halinsa ya canza kafin mu gano dalili. Mutumin da a da ba a tashi fada sai da shi ya koma sulalewa gida da zarar an idar da sallar isha'i, yara suka daina wasa kusa da shi saboda tsawa, matarsa kuma ta shiga zargin kanta ko wani laifi ta yi masa da ya ƙi faɗa. Wani dare na bazara muna kwance a tsakar gida, wuta ta ɗauke, fankar da muka fito da ita ta tsaya, sai na ji ya ce, "Kai ma kana jin gyaren nan?" Na kasa kunne, ban ji komai ba sai haushin kare daga nesa. Na ce, "Yaya, ai babu gyare." Ya yi shiru, can ya ce, "To, a cikin kaina yake. Ya kusa shekara biyu bai huta ba."

Abin da yake fama da shi shi ne kukan kunne, wato mutum ya riƙa jin ƙara a kunnensa ko a cikin kansa alhali babu abin da ke yin ta a waje. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce masa akufen, a littattafan Ingilishi kuma tinitus. Wani yana jin sa kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kamar shuuu ɗin rediyon da ba ta kama tasha ba, wani kuma kamar ƙugin mota daga nesa. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Neurology a shekarar 2022, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya kiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya suna da shi, wato mutane sama da miliyan 740, kuma kusan kashi 2 cikin 100 ne abin ya tsananta gare su. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce abin lura. Mutum biyu za su iya jin ƙara mai ƙarfi ɗaya, ɗaya yana harkokinsa ya manta da ita, ɗayan kuma ya rasa barci, ya rasa haƙuri, ya fara tunanin ko hankalinsa ne zai gushe. Sau da yawa ba a iya kashe ƙarar, amma tsoro da ƙuncin da take haifarwa suna da hanyar raguwa, kuma wannan hanyar ce zan bi da mai karatu daki-daki.

Fara da ware abin da ba ya jira

Kafin a yi zancen haƙuri da sabo, dole a tabbatar ba wata cuta ce mai neman gaggawa ke bayan ƙarar ba. Idan ka wayi gari kunne ɗaya ya toshe, jinka ya ragu farat ɗaya tare da ƙara, ka tafi asibiti a ranar, domin irin wannan toshewar akwai maganin da ake ba ta, amma amfaninsa yana cikin kwanakin farko ne, kuma bayan mako biyu damar tana raguwa ƙwarai. Haka nan idan ƙarar tana tafiya da bugun zuciyarka, dum-dum ko fuu-fuu, a duba ka da wuri, saboda wannan yana iya fitowa daga hawan jini, ko ƙarancin jini, ko matsalar wata jijiyar jini da ke kusa da kunne. Wanda ƙarar ta same shi bayan faɗuwa daga babur ko bugu a kai, da wanda take zuwar masa da jiri mai juya ɗaki da amai, da wanda gefen fuskarsa ya saki, da wanda kunnensa ke zubar da ruwa ko mugunya, duk kada su tsaya jiran ranar kasuwa. Ƙarar da ta tsaya a kunne ɗaya tak tsawon watanni ita ma tana son awo na musamman ko da ba ta da zafi.

Akwai kuma gaggawar da ba a cika ambata ba. Idan ƙuncin ya kai mutum ga jin cewa mutuwa ta fi masa sauƙi, ko ya fara tunanin hallaka kansa, to a daren nan ya gaya wa wani na jikinsa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Yadda za ka shirya zuwa wurin likita

A wurinmu hanya takan fara ne daga asibitin unguwa, wato CSI, inda majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, zai leƙa kunnen, ya auna jini, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibitin jiha. Abin da kake nema a ƙarshe shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. Akwai shi a babban asibitin ƙasa na Yamai, kuma ya kamata ka tambaya a nan Tawa tukuna ko za a iya yi maka awon kafin ka ɗauki tafiyar da ta haura kilomita 500. Layi yana da tsawo, lokacin likita kuma kaɗan ne, saboda haka ka je da amsoshinka a hannu: yaushe ƙarar ta fara, kunne ɗaya ne ko biyu, da me ta yi kama, wace sana'a kake yi kuma shekara nawa, ka taɓa yin sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa tun kana yaro. Ka roƙi a yi maka awon ji, wanda ake sa maka abin sauraro a kai ana kaɗa sautuka kana ɗaga hannu, domin mafi yawan masu kukan kunne jinsu ya ɗan ragu ba su sani ba.

Ka tattara duk magungunan da ka sha a watannin nan ka zuba a leda ka tafi da su, har da waɗanda ka saya a hannun masu talla a bakin tasha, kada kunya ta sa ka ɓoye. Kinin da ake ba mai masassarar cizon sauro sananne ne wajen sa kunne ƙara da toshewa, kuma galibi abin yana wucewa cikin kwanaki bayan an gama maganin. Wanda ya san haka ba zai firgita ba idan ya tashi daga ƙarin ruwa ya ji kansa na amo. Asfirin idan aka sha da yawa yana yin haka. Wasu allurai kuwa, irin su jantamisin da amikasin da kanamisin, suna iya yi wa kunne lahanin da ba ya gyaruwa, shi ya sa bai kamata kowa ya karɓi allura a hannun wanda bai san awonta ba. Duk da haka, kada ka yanke maganin da likita ya ɗora ka a kai da ra'ayin kanka, musamman na tarin fuka ko na zuciya. Ka koma ka gaya masa abin da kake ji, shi zai san ko a canza.

Wani lokaci maganar ba ta wuce dauɗar kunne da ta taru ta toshe hanya ba, a wanke ta a asibiti mutum ya koma gida sakayau. Abin da nake roƙo a bari shi ne sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, da ɗiga masa turare ko mai mai zafi. Mu da Allah ya hore wa albasa, har ruwanta na ga ana matsawa a kunne. Idan dodon kunnen yana da huda, wadda mai ita ba lalle ya sani ba, abin da aka ɗiga zai wuce ciki ya ƙone wurin da ba a iya gyarawa, garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ka fahimci inda ƙarar take fitowa

Wannan matakin shi ne mutane suka fi rainawa, alhali a ganina shi ne rabin magani, domin abin da ba ka san asalinsa ba shi ya fi ba ka tsoro. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi kusan 15,000 da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani, da tsufa, da wasu cututtuka da magunguna suna lalata su, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta murya don ta kamo abin da ya ɓace, kamar yadda mutum ke murɗa rediyo idan tasha ta yi nisa, sai shuuu ɗin ya fito fili. Wannan shuuu ɗin ne kake ji. A shekarar 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun shigar da mutum 80 masu lafiyayyen ji cikin ɗakin da sauti ba ya shiga na ƴan mintoci, kashi 94 cikin 100 suka fito suna cewa sun ji ƙara iri-iri. Ashe kusan kowa yana da ɗan amon nan a kansa, hayaniyar duniya ce ke rufe shi.

Saura tambayar me ya sa yake azabtar da wani ya ƙyale wani. Wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Pawel Jastreboff ya yi bayani a shekarar 1990 cewa wahalar tana tasowa ne idan ƙwaƙwalwa ta ɗauki ƙarar a matsayin haɗari ta ƙulla ta da sashen da ke kula da tsoro. Mun san wannan a gidajenmu ba tare da mun ba shi suna ba. Mai jego tana barci manyan motoci na wucewa a bakin kwalta ba ta motsa ba, amma jaririnta ya yi ɗan ƙaramin motsi sai ta farka, domin ƙwaƙwalwarta ta ware wannan sautin a matsayin wanda ba a sakaci da shi. Ranar da ka ce a ranka, "Wannan ƙarar kurma za ta mayar da ni," ko "Wannan alamar hauka ce," ka mayar da ita kukan jariri: ƙwaƙwalwa za ta tsaya gadinta dare da rana, gadin ya hana barci, rashin barci ya sa jiki ya ƙi jure komai, ƙarar kuma ta ƙara fitowa. Duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce, a mayar da ita cikin sahun motocin bakin kwalta.

Dare

Da rana kasuwa da yara da babura suna rufe ƙarar, saboda haka yaƙin na dare ne. Ƙa'ida ta farko ita ce kada ka kwanta cikin shiru tsit. Ka bar wani sauti mai laushi yana tafiya a ɗakin: fanka, ko rediyo ƙasa-ƙasa, ko karatun Alƙur'ani cikin murya mai sanyi, ko sautin ruwan sama da aka ɗauka a waya. Ka daidaita shi ya zauna ƙasa kaɗan da ƙarar kunnenka, yadda za ka riƙa jin su biyun suna cakuɗuwa, domin idan ka danne ta gaba ɗaya da sauti mai ƙarfi, ƙwaƙwalwa ba za ta sami damar sabawa da ita ba, kuma da ka kashe sai ta dawo kamar ta ƙaru. Kada ka kwana da abin sauraron nan da ake cusawa a kunne. Ka ajiye wayar ko rediyon a gefen shimfiɗa. Tun da wuta ba ta da tabbas, musamman a watannin zafi, ƙaramar rediyo mai caji ko mai aiki da hasken rana ta fi fanka riƙon amana.

Sai zancen shayi, wanda na san ba a so a taɓa. Babu tabbatacciyar hujja cewa shayi ko goro suna ƙara kukan kunne shi kansa, don haka ba na ce a bari ba. Amma wanda ya zauna a fada ya sha na fari da na biyu da na uku har ƙarfe goma sha ɗaya, sannan ya tauna goro a hanyar gida, shi ya sayi rashin barci da kuɗinsa, kuma idon da ya ƙi rufuwa kunne yake saurare. Ka mayar da shayinka mai ƙarfi zuwa safe da hantsi, da dare ka zauna a fadar a yi hira da kai, ka karɓi na ƙarshe mai sauƙi ko ka wuce shi. Idan ka kwanta kusan rabin sa'a barci bai zo ba, kada ka yi ta juyi kana lissafin sa'o'in da suka rage kafin asuba; ka tashi zaune, ka ja carbi ko ka yi wani abu mai sanyi cikin haske kaɗan, sai ka ji nauyin ido ka koma. Jan numfashi a hankali ta hanci, da sakinsa a hankali fiye da yadda aka ja shi, sau goma ko fiye, yana saukar da bugun zuciya.

Ƙwayoyin sa barci na masu talla, da tiramadol da wasu ke sha wai don su manta, tarko ne. Suna ba da dare biyu ko uku, daga nan jiki ya saba ya nemi ƙari, ranar da aka rasa su kuma fargaba da ƙarar su taso fiye da da. Haka kuma, zuwa yanzu babu ƙwaya ko ganye ko ɗigon kunne da aka tabbatar yana kashe kukan kunne mai daɗewa, don haka duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin mako a Facebook ko WhatsApp, aljihunka yake kallo.

Kama tunanin da ke hura wutar

Hanyar da binciken likitoci ya fi nuna amfaninta wajen rage damuwar kukan kunne ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda masana halayyar ɗan Adam ke yi, a Faransanci ana taƙaita sunanta da TCC. Ba ta rage ƙarfin ƙarar, tana rage nauyinta a zuciya. Masu yin ta ba su da yawa a ƙasarmu, amma mutum zai iya fara ginshiƙinta da kansa. Ka sami ɗan littafi, ko ka ɗauki muryarka a waya idan rubutu ba ya yi maka sauƙi, duk lokacin da ƙarar ta tayar maka da hankali ka faɗi ainihin abin da ya zo maka a rai. Za ka tarar kalmomi ƙalilan ne ke ta dawowa: ba zan sake samun natsuwa ba, kullum ƙaruwa take yi, na zama nauyi ga iyalina. Sai ka tuhumi kowace ɗaya kamar yadda alƙali ke tuhumar shaida. Da gaske ne jiya tun safe har dare ba ka sami ko sa'a ɗaya da ka manta da ita ba? Lokacin da kake ciniki da mai hatsi kana jin ta? Likita ya ce za ka kurmance, ko kai ne ka yanke wa kanka hukunci da tsakar dare? Amsar gaskiya, irin su "ta dame ni da dare, amma da hantsi na yi aiki ban tuna da ita ba," ita za ka riƙe ka maimaita. Ka yi wannan na mako biyu ko uku ka ajiye littafin, kada shi ma ya zama wata hanyar gadin ƙarar.

Ka kuma daina gwada ta. Masu wannan lalura suna da ɗabi'ar toshe kunne da yatsa ko shiga ɗaki su rufe ƙofa don su ji ko tana nan, kuma kowane gwaji yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa abin yana da muhimmanci. Tana nan, ba sai ka duba ba.

Wani abu da yayana ya daɗe bai faɗa ba, kuma na ji irinsa daga bakin wasu, shi ne yadda ƙarar ke shiga tsakaninsa da sallarsa. Shirun sahu a sallar asuba yana fito da ita sarai, sai ya idar yana jin bai san abin da liman ya karanta ba, ya koma gida da nauyin laifi a kan nauyin ciwo. Wanda ke cikin wannan hali ya sani lalura ce ta jiki kamar ciwon gwiwa da ke hana wani durƙuso, kuma ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi don zuciyarsa ta kwanta. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Namiji da mace ba su ɗauke shi iri ɗaya ba

Nazarin 2022 da na ambata bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin yawan maza da mata masu kukan kunne, amma yadda al'ada ke tarbar kowannensu daban ne. Namiji an raine shi a kan cewa ƙorafi kan ciwon da ba ya zubar da jini ragwanci ne, saboda haka yakan haɗiye, abin ya fito ta wata ƙofa: faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙaurace wa taro, yin shiru a gida. Idan jinsa ya ragu, ana yi masa magana a cikin hayaniya bai amsa ba, sai a ce girman kai ya same shi tun da ya je cin rani ya dawo. A ƙarƙashin wannan duka akwai tsoron abinci, domin mai niƙa, da mai walda, da maƙerin kasuwar Katako a Yamai, da direban babbar mota, da wanda ya yi aikin fasa dutse a wurin haƙar zinariya, duk sun san sana'ar da ke ciyar da su ita ce ke cin kunnensu. Shawarata ga magidanci ita ce ya zaɓi mutum biyu, matarsa da aboki ɗaya, ya gaya musu a fili. Kalma kaɗan ta isa: "Kunnena yana ƙara, likita ya gani, in kun ga na yi fushi ko ban amsa ba, ba da ku nake ba." Ranar da yayana ya faɗi haka, matarsa ta ce, "Haba Malam, shekara biyu ina neman laifina, ashe kunne ne?"

Mace kuma takan faɗa, amma sai a fassara mata. Da ta ce tana jin ƙara a kanta, wata za ta ce iska ce, wata ta ce sammu ne, a fara kallon kishiya ko maƙwabciya, a kashe kuɗin da ya isa awon ji sau uku wajen hayaƙi da turare, ita kuma tsoron da ya kamata a rage mata an ninka shi. Ga kuma jiran izini da kuɗin mota kafin ta je asibiti, ga aikin gida da ba ya ɗaga ƙafa don an kwana ba a yi barci ba. Mai ciki ko mai jego da ke jin ƙara mai tafiya da bugun zuciya ta faɗa wa ungozomar asibiti a ranar awo, a duba hawan jini da yawan jininta, domin duka biyun suna da magani kuma sakaci da su yana da haɗari. Ya ke ƴar'uwa, ki riƙe bambanci ɗaya da zai kwantar miki da hankali: kukan kunne amo ne kawai, ba ya magana. Idan muryoyi ne mutum yake ji suna kiran sunansa ko suna ba shi umarni, wannan wata lalura ce daban, ita ma ta asibiti ce, wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Ga kowane ɗayansu, idan baƙin ciki ya zauna mako biyu ko fiye, abinci ya fita rai, abin da ke faranta rai a da ya daina, jiki ya mutu, kuka ko fushi ya yawaita, to ciwon damuwa ya shigo, kuma yana da magani ko da ƙarar kunnen tana nan. A faɗa wa likita da wannan sunan, kada a tsaya a kan kunne kawai.

Ƴan gida su ma suna da nasu aikin. Kada a ce wa mai lalurar "ka manta da shi kawai," domin da yana iyawa da ya yi tun tuni, kuma kada a riƙa tambayarsa kowace safiya ko ƙarar tana nan, tambayar tana tayar da ita. A fuskance shi idan za a yi masa magana, a rage muryar talabijin, a bar masa rediyonsa da dare ko da ta ɗan dami wani, kuma a ci gaba da kiransa suna da ɗaurin aure ko da ya ƙi zuwa sau biyu.

Kare abin da ya rage

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma a wurin aiki iyakar da aka saba bi ita ce desibel 85 na tsawon sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100, inda injin yankan ƙarfe yakan kai, kusan minti 15 ne kawai kunne ke jurewa ba tare da lahani ba. Ba ka buƙatar na'ura don ka gane: idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya da kai ya ji ka, wurin yana cin kunne. A irin wannan wuri ka sa matoshin kunne na roba ko na soso, ka tambaya a farmasi ko wurin masu sayar da kayan aikin gini. Auduga da tsumma ba sa tare komai na kirki. A wurin biki ka zauna nesa da lasifika, ka riƙa fita kana hutar da kunne, wayarka kuma kada muryarta ta wuce kashi 60 cikin 100 idan kana saurare da abin kunne. Sai dai kada tsoro ya sa ka yawo da matoshi a gida da kasuwa da masallaci, domin kunnen da aka hana sautin yau da kullum yakan koma ba ya jure ko ƙarar cokali a kwano, kuma shirun da matoshin ke kawowa yana ƙara fito da kukan. Idan awo ya nuna jinka ya ragu, na'urar taimaka wa ji tana yawan sassauta ƙarar, tun da tana mayar wa ƙwaƙwalwa sautin da take nema. Tana da tsada, amma ka tambayi likita kafin ka yanke cewa ta fi ƙarfinka, kuma kada ka sayi ta kasuwa wadda ba a daidaita da awonka ba.

Sabo yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekara ko fiye, kuma ba ya tafiya a miƙe. Bayan mura ta hunturu, ko daren biki, ko rasuwa a dangi, ko makon da aka yi ba barci, ƙarar takan taso kamar an koma farko. Idan haka ta faru, ka duba ko akwai ɗaya daga alamomin gaggawar da na lissafa a sama. In babu, ka koma kan rediyon dare da rage shayi da barin gwaji, ka ba ta kwanaki, galibi tana komawa inda take. Yayana har yanzu yana niƙa, matoshinsa na rataye da zare a wuyansa, yana sa su kafin ya tayar da inji, kuma ya saya wa yaron da ke taya shi aiki nasa. Gyaren yana nan, in ji shi, amma akwai ranakun da sai ya zo kwanciya yake tunawa da shi. Duk shekara yana komawa a sake yi masa awon ji, yana tafiya da takardar bara don a gwada da ta bana.